Madubi Ɗaya, Kofi Ɗaya

Shekara ashirin da biyu na yi ina haɗa gam a kamfaninmu na garin Tucson, kuma ban taɓa yarda wani ya tsaya a kaina yana gaya mini yadda zan juya cokali ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a ce na ɓoye halina. Sunana Ofelia Durazo. Aikinmu manyan madubai ne, irin waɗanda ake sakawa cikin na'urar kallon taurari a kan duwatsu. Wasu su yanka gilashi, wasu su goge shi, ni kuma in manna masa 'yan ƙarafan da zai zauna a kansu ta baya. Ƙafafu muke kiran ƙarafan nan.

Wanda ya fi kowa iya guga a cikinmu shi ne Leland Tackett. Shekararsa saba'in da ɗaya a lokacin, dogo siriri, ba ya cin komai da rana sai burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kullum ta Allah. Inji yakan yi masa rabin aiki, sauran kuma da hannu yake ƙarasawa, da ɗan faifan kwalta da hodar guga. Ya goga na minti huɗu, ya wanke, ya jira gilashin ya huce, ya auna, gobe ya dawo. Madubin da nake ba da labarinsa faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, kaurinsa bai fi yatsa biyu ba, kuma wata goma sha huɗu Leland ya yi a kansa.

Hannunsa na dama ya fara rawa tun a wata na takwas. Kowa ya gani, ba wanda ya yi magana. Sai ya koma shan kofi a mota, don kada mu ga yana zuba masa a riga. Ranar da ya gama madubin ya kira ni na leƙa hoton gwaji a kwamfuta. Hoton kamar taswira yake: inda fuskar madubi ta yi daidai kore ne, inda ta lotsa shuɗi, inda ta taso ja. Nasa kore ne shar daga baki zuwa baki.

Ya ce, “Shi ke nan, Ofe, wannan ne na ƙarshe. Ba abin da nake so sai ya hau dutse da fuskar da na yi masa da hannuna. Daga nan in je gida in dami matata.”

Na ce, “Baiwar Allah, me ta yi maka?”

Matsalar ita ce ƙafafun. A ƙa'ida ana manna su ne kafin guga ta ƙarshe, domin gam yana motsewa idan yana daskarewa, ya ja gilashin ta baya, fuskar ta ɗan lotsa ta gaba, sai mai guga ya share lotsawar. To amma masu madubin sun canza tsarin mazauninsa har sau biyu, ƙafafun ba su iso ba sai bayan wata biyar, hannun Leland kuwa ba zai jira kowa ba. Ya gama aikinsa, ƙafafu talatin da shida suka iso a akwati daga baya, kowace faɗin tafin hannun yaro.

Shi ya sa Madam Joanne, mai kamfanin, ta sa Dakta Vernon Begay ya yi lissafi: idan aka manna su yanzu, nawa fuskar za ta lotsa? Vernon shi ne mai lissafinmu. Mutum ne mai sanyin magana, kafin ya ba ka amsa sai ka ɗauka ya manta ka yi tambaya. Ya zo ɗakina ya karɓi gam kaɗan, ɗigo kamar ƙwayar wake, ya sa tsakanin wasu faya-fayi biyu a injinsa, yana auna yadda yake kauri minti bayan minti. Mako uku ya yi yana wannan.

Wata rana ya tsaya yana mini bayani ina wanke sirinji.

“Kin ga, muddin ruwa ne, in ya motse sai ya malalo ya cike gurbin, ba ruwan kowa. Amma daga lokacin da ya kama jiki, ya riƙe ƙarfe ta nan ya riƙe gilashi ta can, duk motsewar da zai ƙara yi, jan gilashin take yi. Ita nake lissafawa. Kuma gwargwadon kaurin gam ɗin da ke ƙarƙashin ƙafa, gwargwadon jan.”

“Dakta, na san gam tun kana koyon ɗaure takalmi.”

“Na sani. Minti nawa kike ɗauka daga haɗawa zuwa ƙafa ta ƙarshe?”

“Takardar gam ɗin ta ce minti casa'in. Zan gama a saba'in, in sha ruwa, in zage ka, lokaci bai cika ba.”

Ya rubuta saba'in. Bai tambaye ni a cikin me nake haɗawa ba, ni ma ban faɗa ba, don abu ne da ko mai shara ya sani a kamfanin. Dokarmu ita ce madubi ɗaya, kofi ɗaya. Duk gam ɗin da zai hau bayan madubi daga haɗi ɗaya zai fito, abin da ya rage a kofin kuma a rubuta masa kwanan wata a ajiye a kanta. Kofin shaida ke nan. Bayan kwana bakwai a danna masa farce, in ya yi tauri, an san na bayan madubin ma ya yi.

Ma'aunin da muke aiki da shi sunansa nanomita. Ka tsaga silin gashi gida dubu saba'in ka ɗauki ɗaya, shi ne. Masu madubin sun ce kada lotsawa ta wuce ashirin. Lissafin Vernon ya ce shida, in abin ya ɓaci takwas. Madam Joanne ta tambaye shi ko ya tabbata, ya yi shirunsa da ya saba, sannan ya ce ya tabbata. Leland ya ce shi dai bai san lissafi ba, amma ya san hannun Ofe.

Ranar wata Talata da safe muka yi aikin, cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa. Ɗakin mannawa kullum a sanyi ɗaya yake, digiri ashirin. An kife madubin a kan matashinsa, bayansa yana kallon sama. Leland ya ja kujera ya zauna can bakin ƙofa, ya ce ba zai matso ba, kada hannunsa ya yi masa rashin kunya.

Na auna ruwan biyu a sikeli, na juya, na sa a injin zuƙe iska har kumfa ta ƙare. Madubanmu na yau da kullum ƙafa shida ne ko tara, gam ɗinsu bai fi cokali huɗu ba. Wannan karon sai da na nemo babban kofi, irin na shan lemo, kuma ya kusa cika. Ina zuƙa da sirinji, in matsa a bayan ƙafa, in aza ta a gurbinta, in ɗora mata ɗan nauyin ƙarfe don ya danne gam ɗin ya baje ya yi siriri yadda ake so.

Ba na bin ƙafafu a jere. Mahaifina mai gyaran taya ne a garin Nogales, shi ya koya mini cewa ba a ɗaure noti kusa da noti, sai ka ɗaure wannan ka tsallaka ka ɗaure na gabansa. Haka nake manna ƙafafu, nan da can, ciki da waje, kuma tsarin a kaina yake, ban taɓa rubuta shi ba.

A wajen ƙafa ta ashirin na ɗauki kofin na ji ɗumi a tafin hannuna. Ba zafi ba, ɗumi, kamar shayin da aka manta a tebur. Gam yana fitar da zafi in yana kamawa, wannan na sani. Cokali huɗu zafinsu yakan bi iska ya tafi. Kofi guda kuwa zafin ba shi da wurin zuwa, sai ya zauna a ciki yana ƙara wa gam ɗin sauri. A ƙafa ta ashirin da biyar sai da na sa yatsa biyu kafin sirinjin ya motsa. Na dubi agogo, minti hamsin da ɗaya kawai.

Zan iya tsayawa. Zan iya ajiye kofin in haɗa sabo, minti ashirin da biyar ne. Amma ga doka, ga Leland a bakin ƙofa yana kallona da fuskar nan ta mutumin da ya ba da amana, ga kuma Ofelia Durazo da ba ta taɓa zubar da haɗi ba tun da ta fara aiki. Na ce wa raina takarda ta ce casa'in, kuma waɗanda suka rubuta takardar ba mahaukata ba ne.

Leland ya ce, “Lafiya dai, Ofe? Na ga kina haɗa gumi.”

Na ce, “Tsoho, in ba ka da aiki je ka ƙirga motoci a titi.”

Ya yi dariya. Na ƙarasa a minti sittin da takwas. Ƙafafun ƙarshe na ga nauyin bai danne su sosai ba, gam ya taru a gefensu ya yi tudu maimakon ya baje. Na share abin da zan iya sharewa, na rubuta kwanan wata a jikin kofin, na ajiye a kanta.

Bayan kwana bakwai kofin shaida ya yi tauri kamar dutse. Aka juya madubin aka kai shi hasumiyar gwaji, mu huɗu muka tsaya a gaban kwamfuta. Hoton ya fito a hankali daga sama zuwa ƙasa. Kore ne, amma da shuɗayen tabo a warwatse, wasu da kyar ake ganinsu, wasu kuwa kamar an danna babban yatsa a cikin ƙullun fulawa. Vernon ya fara karanto lambobin. Shida. Arba'in da huɗu. Bakwai. Sha tara. Hamsin da biyu.

Madam Joanne ta ce, “Dakta, ka ce shida.”

“Na ce shida.”

“To wannan hamsin da biyun daga gidan wa ta zo?”

Vernon ya ƙura wa hoton ido. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tabon ba su da tsari. Da lissafinsa ne ya kuskure, da duka sun lotsa daidai wa daida, ko na baki su fi na ciki. Amma ga mai shida kusa da mai hamsin, ƙarfe iri ɗaya, gam iri ɗaya. Ni kuwa kallo ɗaya na yi wa hoton na karanta shi tsaf. Ga inda na fara, ga inda na tsallaka, ga inda kofin ya yi ɗumi, ga ta ƙarshe can gefen hagu, mai hamsin da biyu. Sawuna ne a kan fuskar madubin Leland, kuma duk duniya ni kaɗai na iya bin sa.

Leland ya matso kusa da kwamfutar. Ya sa hannun damansa a aljihu ya daɗe yana kallo, sannan ya fita ya tafi motarsa.

Kwana biyu na yi shiru, kuma ba na alfahari da su. Vernon ya daina fita cin abinci, ya koma farkon lissafinsa yana bi layi-layi yana neman inda ya yi ɓatan kai. Na ji Madam Joanne ta cikin bango tana gaya masa cewa takardar digiri ba ta goge gilashi. Rana ta biyu na kawo masa burito biyu, naman shanu a cikin lallausar gurasa da na naɗe da kaina, ya yi godiya har da miƙewa tsaye. Wannan godiyar ce ta ƙarasa ni. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yarinya.

Na ja kujera na zauna, na ɗauki takarda na rubuta lambobin ƙafafun yadda na bi su, daga ta farko har ta talatin da shida.

“Jera lotsawar taka a kan wannan.”

Ya jera. Shida, shida, bakwai, shida, bakwai, haka har wajen ta sha takwas. Daga nan suka fara hawa kamar matakala, tara, sha biyu, sha shida, har hamsin da biyu, ba wadda ta tsallake 'yar'uwarta. Ya dubi takardar, ya dube ni.

“A cikin me kika haɗa?”

Na je na ɗauko kofin shaida na dangwarar masa a tebur. Ya ɗaga shi yana juyawa, yana jin nauyinsa.

“Duk wannan a haɗi ɗaya?”

“Madubi ɗaya, kofi ɗaya. Shekararka shida a nan, ba ka taɓa ji ba?”

“Na ji. Ban taɓa tunanin girman kofin ba. Ni ɗigo nake aunawa.” Ya ajiye kofin. “Ya yi ɗumi a hannunki?”

“Ya yi.”

“A ta nawa?”

“Ta ashirin.”

Bai ce me ya sa ban tsaya ba. Da ya tambaya da na sami wanda zan yi wa faɗa, da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce in ƙara haɗa wani kofin daidai wancan. Na haɗa, ya tsoma masa ma'aunin zafi, muka zauna muna kallo. Cikin minti hamsin ya tashi daga digiri ashirin zuwa arba'in da takwas. Kowane minti biyu yana ɗibar ɗigo yana auna kaurinsa. Washegari da hantsi ya kira ni ofishinsa. Ya zuba sabbin lambobin a lissafin, ya nuna yadda gam mai kauri ya ƙi bajewa a ƙarƙashin nauyi, ya zauna ninki uku, ninki biyar na yadda ya kamata, ya kuma ja gilashin gwargwadon haka. Abin da kwamfutarsa ta fitar da abin da muka gani a hasumiya kusan ba bambanci, ƙafa bayan ƙafa. Ta ƙarshe lissafi ya ba ta hamsin.

Fuskarsa har wani haske take yi. Ya ce, “Kin gani? Lissafin daidai yake. Ban taɓa samun gwaji mai kyau irin wannan ba, talatin da shida a jere.”

Na ce, “To sai a kira masu kiɗa ko? Madubin mutum ya lalace kana washe baki.”

Ya rufe bakin. Na san ba da mugunta ya yi ba, amma da akwai abu a hannuna da na jefe shi.

Na sami Leland a bayan kamfani, ƙarƙashin rumfar motoci, yana cin burodinsa. Na gaya masa duka a tsaye, ban rage komai ba, har da yadda na kauce masa da ya tambaye ni ko lafiya. Ya tauna, ya haɗiye, ya karkaɗe riga.

“Kin san wa ya kafa dokar nan?”

“An ce tun zamanin tsohon mai kamfani take.”

“Ni ne. Kafin ki zo. Wani yaro ya yi haɗi biyu a kan madubi ɗaya, na farko ya kama, na biyu bai kama ba, kofin da ya ajiye kuma na farkon ne. Madubin ya sulluɓe a cikin mota a hanyar dutse. Na hau tebur na yi rantsuwa cewa duk wanda ya ƙara haɗi biyu sai na kore shi da hannuna. Lokacin ƙafa shida muke sakawa. Wa ya san za a zo ana saka talatin da shida?”

“Ba dokarka ce ta ji ɗumi a hannu ta yi shiru ba.”

“A'a, wannan ke ce,” in ji shi. “Zauna mana, kin tsaya mini a kai kamar 'yar sanda.”

Na zauna. Ya miƙo mini rabin burodin, na ci, duk da na tsani markaɗaɗɗiyar gyaɗa.

Saura tambaya ɗaya: ko za a iya ceto fuskar ba tare da an taɓa ta ba? Cire ƙafafun ba zai yiwu ba, gam ɗin in ya tashi ɓamɓaruwa da tsokar gilashi yake tafiya. Vernon ya ce gam sabon kamu yakan ɗan saki jiki idan aka ɗumama shi a hankali, kamar igiyar shanya da ta sha rana. Ya koma injinsa kwana huɗu, wannan karon kuma ya zo ya tambaye ni komai, har da irin cokalin da nake juyawa da shi. Ya ce in aka sa madubin a ɗaki mai digiri talatin da biyar na kwana goma, jan zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙafa ashirin da bakwai za su tsaya ƙasa da ashirin. Tara ba za su dawo ba.

Na ce, “Wataƙila ka yi kuskure.”

Ya ce, “Ina fata.”

Kwana goman nan na yi addu'a, na kunna kyandir a cocin unguwarmu, ina roƙon Allah ya sa Dakta Begay ya zama jaki a lissafi ko da sau ɗaya ne. Aka fito da madubin, aka bar shi ya huce kwana biyu, aka kai hasumiya. Tara suka rage. Taran da ya lissafa, ba wata ba. Ban taɓa jin haushin mutum don ya faɗi gaskiya irin na ranar ba.

Yanzu dole a sake guga. Kuma ba cike lotsawa ake yi ba, gilashi ba ya cikuwa. Sai dai a rage duk sauran fuskar har ta sauko daidai da gindin lotsawar. Leland ya ce a ba shi safiya ɗaya. Ya zo ya sa rigar aikinsa, ya dama hodar guga, ya ɗumama faifan kwaltarsa, ya ce kowa ya fita sai ni. Ya tsaya a gaban madubin ya ɗaga faifan sama da fuskar kamar kamu ɗaya. Ina kallon hannun. Ya riƙe wuyan hannun da na hagu, rawar ta koma cikin gwiwar hannu. Ya ja numfashi ya sake gwadawa. Mun fi minti biyar a haka.

Ya janye, ya ajiye faifan a tebur.

“In na taɓa shi, taran nan za su zama casa'in. Gaya wa Joanne ta kira mutanen Rochester.”

A Rochester akwai wani kamfani mai injin guga da kwamfuta ke tuƙawa. A ba shi hoton gwaji, ya bi fuskar madubi gaba ɗaya yana rage nan yana rage can. Leland ya shekara goma yana cewa injin nan na gyaran gilashin tabarau ne, ba na madubin kirki ba. Madam Joanne ta yi waya, aka ɗaure madubin a akwatinsa, babbar mota ta zo ta ɗauka. Ni na goge kowace ƙafa kafin a rufe. Leland ya ajiye aiki a ƙarshen watan Satumba, aka yi masa ɗan liyafa da kek da naman gashi, ya karɓi agogo ya ce zai ba jikansa.

Aka canza dokar. Yanzu ana baje gam a faffaɗan tire don ya sha iska, haɗi ɗaya ƙafa takwas, kowane haɗi da kofin shaidarsa. Vernon ya rubuta, ni na sa hannu a ƙasa. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ma ya ƙara tayar da maganar, kuma wannan bai sa na ji daɗi ba.

Madubin ya dawo a watan Nuwamba. Ban so a gaya wa Leland ba, amma Madam Joanne ta kira shi, a ganinta girmamawa ce. Ya daina tuƙi a lokacin, ni na je na ɗauko shi da azahar. A hanya yana ta ba ni labarin tumatirin da ya shuka tsuntsaye suka cinye.

Muka tsaya a gaban kwamfuta kamar wancan karon. Hoton ya sauko. Kore ne, ba tabo ko ɗaya. Amma ba irin koren Leland ba, wanda in ka ƙura ido kana ganin 'yar inuwar inda hannunsa ya bi. Wannan sumul yake kamar an shafa fenti. A ƙasan hoton akwai lamba ɗaya da ke faɗin yawan kuskuren fuskar gaba ɗaya. Ta Leland, ranar da ya gama, sha ɗaya ce, kuma ba a taɓa samun irinta a kamfaninmu ba. Wannan huɗu ce.

Ya sa tabarau ya matsa kusa. Ya ce Vernon ya ƙara girman gefen hagu, ya ƙara. Ya ce a nuna masa bakin madubin, inda inji ya saba kasawa. Bakin ma lafiya lau.

“Kwana nawa suka yi a kansa?”

Vernon ya dube ni, na kawar da kai. Ya ce, “Uku.”

“Uku a kan inji, ko uku da aunawa?”

“Da aunawa.”

Leland ya gyaɗa kai a hankali. Ya cire tabarau ya ninke, sai da ya gwada sau biyu kafin ya shiga aljihu. Ya ce, “Aiki ya yi kyau. Waɗanda za su kalli taurari da shi sun yi sa'a.” Ya gaisa da Madam Joanne, ya dafa kafaɗar Vernon, muka fito.

A mota ban tayar da inji ba. Na riƙe sitiyari na ce, “Leland, ka yafe mini. Na ɓata maka madubi.”

“Ba ki ɓata ba, Ofe. Ba ki gani ba ne? Ya fi yadda na bar shi.”

“Ba shi nake nufi ba.”

“Na san abin da kike nufi.” Ya dubi ginin kamfanin ta gilashin mota. “Na yafe miki kofin tun a rumfa. Abu ɗaya ne kawai. Da ya hau dutse yadda na gama shi, da na tafi gida ina ganin ba mai iya yin abin da na yi. Shekara arba'in da shida, kuma saura ƙiris in ƙare ban san inji ya fi ni ba.”

Hawaye suka zubo mini, na bar su, don hannuwana duka suna kan sitiyari kuma ban yarda in sake shi ba.

Ya ce, “Tayar da motar mana, 'yar nan. Rana tana dukana ta nan gefen.”